Shafin Sashe da Makullinsa Ya Bi Ɗan Bautar Ƙasa: Nazarin Wani Lamari a Katsina

Saura mako goma tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta iso tantance kwasa-kwasan wani sashen nazarin harshe a wata jami'a da ke jihar Katsina, sai wani mai neman gurbin digiri na biyu ya turo wa sakataren sashen hoton fuskar wayarsa. Ya rubuta sunan sashen ne a Google. Sunan ya fito daidai, adireshin ma daidai, amma bayanin da ke ƙarƙashinsa tallar caca ce da wani harshe na ƙetare. Sakatare ya buɗe shafin intanet na sashen a kwamfutar ofis, bai ga komai ba sai hoton ƙofar sashe da jawabin maraba na shugaban da ya sauka shekara biyu da suka wuce. Ya ce wa mutumin wataƙila wayarsa ce ke da matsala.

Ba wayarsa ba ce. Masu irin wannan kutse sukan dasa umarnin da ke duba wanda ya zo: in na'urar Google ce mai tattara shafuka, ko mutumin da ya biyo ta sakamakon bincike, sai a nuna masa caca; in wanda ya rubuta adireshin kai tsaye ne, sai a nuna masa shafin gaskiya. Shi ya sa masu gida su ne na ƙarshen sani. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a rubuta site: a Google, a liƙa masa adireshin shafin ba tare da tazara ba. Da aka yi haka, sai ga jerin shafukan da babu wanda ya rubuta su a sashen, sun ninka na gaskiya nesa ba kusa ba.

Shugaban sashe ya kira injiniyan cibiyar fasahar sadarwa ta jami'a. "Injiniya, ku da komai na jami'ar nan ke hannunku, ku share mana wannan ƙazanta mana." Injiniyan ya duba adireshin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shafin nan ba a gidanmu yake ba. Namu duk da .edu.ng suke ƙarewa. Wannan .com ne. Wa ya saya?"

Nan aka yi shiru. Kwana huɗu aka ɗauka kafin a haɗa amsar.

Yadda abin ya faro

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo sashen shekarun baya shi ya gina shafin, da kyakkyawar niyya kuma. Ya nemi a ba shi wuri a ƙarƙashin adireshin jami'a, takarda ta daɗe tana yawo tsakanin ofisoshi, shi kuwa shekara ɗaya gare shi. Sai ya sayi suna na .com da imel ɗinsa na Gmail, ya kama hayar saba, wato kwamfutar da shafi ke zama a kanta, ya biya kuɗin shekaru a dunƙule da katin bankinsa, shugaban sashe na lokacin ya mayar masa da kuɗinsa a hannu. Ya ɗora WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita, ya yi wa shafin ado, aka yaba masa, ya karɓi takardar sallama ya tafi. Kalmar sirri guda ya bari a wata takarda, ita ma ta shiga WordPress ce kawai. Ta wurin masu rajistar suna da ta cPanel, wato allon sarrafa saba, inda fayiloli da rumbun bayanai suke, duk suna cikin akwatin imel ɗinsa.

Shugabancin sashe a jami'o'inmu galibi wa'adin shekara biyu ne. A takardar miƙa mulki an lissafa kujeru da firinta da makullan ofis da fayilolin ɗalibai. Shafin intanet bai shiga lissafi ba, domin ba wanda ya ɗauke shi a matsayin kayan ofis.

An samu lambar tsohon ɗan bautar ƙasar ta hannun wani malami da suka saba. Ya ba da haɗin kai, kuma a nan sashen ya yi sa'a, domin saura mako uku rajistar sunan ta ƙare, katin da ke ɗaure da ita kuwa ya daɗe da mutuwa. Sunan .com da ya ƙare ba ya faɗawa kasuwa nan take: akwai ɗan lokacin rangwame da kan kai kwana 45 gwargwadon kamfani, sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 na jiran sharewa. Bayan nan kowa na iya saye, kuma masu caca suna dakon irin waɗannan sunaye da suka riga suka yi tarihi a Google.

Da aka shiga cPanel, ga abin da aka tarar. PHP, harshen da WordPress ke gudana a kansa, yana kan 7.4, wanda masu shi suka daina fitar masa da gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Fulogin, ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi, guda goma sha tara ne, bakwai daga ciki a kashe suke amma ba a cire su ba. Fulogin da aka kashe fayilolinsa na nan, kuma ana iya bi ta cikinsu. Rigar shafin, wadda ke ba shi fasali da launi, ta kuɗi ce da aka sauke kyauta daga wani wurin da ke raba kayan sata. Irin waɗannan sau da yawa da ƙofar baya a ɗinke suke zuwa. A jerin masu cikakken iko akwai sunaye biyu da ba wanda ya san su. A cikin jakar hotuna kuma akwai fayiloli masu ƙarewa da .php, alhali wurin na hotuna da takardu ne kurum.

Shawarar da aka yanke

An kawo ra'ayi uku a taron sashe. Na farko a share dattin a ci gaba da zama a .com. Na biyu, wanda wani malami ya kafe a kai, a ɗora shafin kan wata kwamfuta a ofishin sashe don komai ya zama a hannu. Wannan bai yi nisa ba: duk wanda ya san zafin Afrilu a Katsina, da ƙurar hunturu, da yadda wuta ke zuwa da tafiya, ya san kwamfutar da ke kusurwar ofis ba za ta kwana a kunne shekara guda ba, balle a yi maganar adireshin intanet tsayayye da za ta buƙata. Na uku shi ne a koma gida, a ƙarƙashin adireshin jami'a. Sunayen .edu.ng suna ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar sunayen .ng, kuma ba a ba kowa sai manyan makarantun da hukuma ta amince da su. Wannan kaɗai ya isa hujja: ɗan tawagar tantancewa ko mai neman gurbi daga waje, da ya ga .edu.ng ya san ba ɗan damfara ne ya kafa shafin ba.

Na uku aka ɗauka, da sharaɗin ba za a kwaso ko fayil ɗaya na manhaja daga tsohon wuri ba. Shafin da aka yi wa kutse, wanke shi fayil bayan fayil aikin banza ne ga sashen da ke da mako goma; a bar ƙofa ɗaya, cikin kwanaki su dawo. Cibiyar jami'a ta buɗe reshen adireshi da sunan sashen, ta nuna shi ga sabarta a DNS, tsarin da ke haɗa suna da sabar da shafi yake, ta ɗora sabon WordPress kan PHP mai samun gyara. Daga tsohon gida abu biyu kawai aka ɗauko: rubuce-rubucen da ke rumbun bayanai, da hotuna da takardun da aka bi ɗaya bayan ɗaya. Fulogin huɗu aka bari. Riga kuwa aka ɗauki ta kyauta daga ma'ajiyar WordPress ta hukuma.

Tsohon sunan ba a yar da shi ba. An sabunta shi na shekara biyu, aka mayar da shi kan imel ɗin ofis, aka sa masa turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, zuwa sabon adireshi, domin yana buge a kan takardun sashe da kalandar ƙungiyar ɗalibai. A lura: canza bayanan mai suna kan iya jawo a kulle shi kwana 60 ba a iya ƙaura da shi zuwa wani kamfani, don haka a sabunta tukuna kafin a taɓa komai. Shafukan caca kuma ba a tura su ko'ina ba. An bar su suna amsa cewa babu su, aka yi rajistar adiresoshin biyu a Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, aka nemi a cire su daga sakamako. Sun ɗauki makonni suna zubewa, ba dare ɗaya ba.

Haruffa masu lanƙwasa

Nan ne aikin ya ci kwana uku da ba a yi tsammani ba, kuma nan ne duk sashen da ke rubutu da Hausa zai yi tuntuɓe in bai sani ba. Washegarin ƙaura, aka buɗe shafin tarihin sashe sai ga "Æ™arshe" a wurin ƙarshe, "É—alibai" a wurin ɗalibai, "É“angare" a wurin ɓangare. Wani malami ya ce a raba shafukan kowa ya gyara nasa da hannu. Da an yi haka da an ɓata mako, kuma da an bar ɗaruruwan kurakurai a tsofaffin sanarwa.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san yadda kwamfuta ke ajiye harafi. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, harafin ƙ bait biyu ne, wato lambobin ajiya biyu, C6 da 99. Tsohon tsarin Turai ta Yamma kuwa, wanda rumbun ke kira latin1, kowane bait harafi guda yake ɗaukarsa: C6 shi ne Æ, 99 shi ne ™. Teburan tsohon rumbun an yi musu laƙabin latin1, amma abin da aka riƙa zuba musu UTF-8 ne. Muddin suna zaune a wurinsu, kuskuren shiga da na fita suna kashe juna, ba a ganin komai. Da aka fitar da su, manhajar fitarwa ta gaskata laƙabin, ta sake juya abin da ya riga ya juyu. Magani shi ne a sake fitar da rumbun da umarnin fitar da rumbu mai suna mysqldump tare da gaya masa ya bar shi a latin1 kada ya juya komai, sannan a buɗe fayil ɗin a canza laƙabin teburan zuwa utf8mb4, wato laƙabin UTF-8 a rumbun, a shigar da shi sabon wuri. Minti ashirin, duk haruffan suka dawo.

Cutar haruffa iri uku ce, kuma kowacce da alamarta. In ka ga irin su Æ™, bayanin na nan, karatunsa ne ya karkace, ana gyarawa. In ka ga alamar tambaya zalla a wurin harafin, "?asa" ko "?aki", to an riga an zubar da shi lokacin ajiya, sai dai a koma tsohon kwafi, wannan ne ya sa ba a share tsohon rumbu sai an tabbatar da sabo. In kuwa ɗan akwati ne fanko, ko harafin ya fito da wani fasali daban da 'yan uwansa, to salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana. Gwajin da ya kamata a yi wa kowace riga kafin a amince da ita shi ne a rubuta Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ a kanun labari da cikin rubutu, a duba a ƙaramar waya mai araha, ba a kwamfutar injiniya kawai ba.

An kuma kafa doka: a cikin rubutu a sa lanƙwasa yadda ƙa'ida ta ce, amma a adireshin shafi da sunan fayil kada a sa. Harafin ƙ a adireshi yakan koma %C6%99 in an kwafo shi zuwa WhatsApp, mahaɗin ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara, ɗalibai su ƙi taɓawa.

Abin da ke cikin shafin ya fi kutsen muni

Da fasaha ta lafa aka zauna karanta abin da shafin ke gaya wa duniya. Cikin jerin malamai akwai wanda ya rasu, da biyu da suka koma wasu jami'o'i, da wanda ya zama farfesa amma har yanzu ana ce masa babban malami. Jadawalin lacca na shekaru uku baya ne, ba kwanan wata a jikinsa, don haka sabon ɗalibi ba shi da hanyar sanin ya tsufa.

Manhajar karatu ce ta fi tayar da hankali, ganin abin da ke tafe. NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS a Disambar 2022 a madadin tsohon, wato BMAS, inda kashi 70 na kwasa-kwasai ke zuwa daga hukumar, kashi 30 kuma jami'a ke tsara nata. Lambobi da sunayen kwasa-kwasai da yawa sun canza. A sabon tsari, misali, GST 112 shi ne kwas ɗin al'ummomin Najeriya da al'adunsu. Shafin sashen na ɗauke da tsohon tsari kaɗai. Kuskuren da aka kusa yi shi ne a goge tsohon a ɗora sabo, alhali ɗaliban manyan azuzuwa da masu maimaita kwas da tsohon za su fita. Sai aka yi shafi biyu, kowanne da layi a samansa mai cewa wannan na waɗanda suka shigo daga shekarar karatu kaza ne. An kuma buga su a matsayin rubutun shafi, ba hoton takarda ba, domin hoton takarda ba a iya bincika kalma a cikinsa, kuma a waya sai an yi ta ja da yatsa.

Sai takardun sakamako. An tarar da fayiloli na PDF ɗauke da cikakkun sunaye da lambobin rajista da makin kowane ɗalibi, har da jerin waɗanda aka ba shawarar janyewa. An ɗora su ne da tunanin allon sanarwa, amma allon da ke barandar sashe 'yan sashe ke gani, kuma ana yage takardar bayan mako biyu. Na intanet kuwa duk mai neman sunan yarinya kafin aure ko sunan saurayi kafin ɗaukar aiki zai iya cin karo da shi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta hau kan jami'o'i kamar yadda ta hau kan bankuna. An cire su duka, daga jakar fayiloli ba daga mahaɗi kawai ba, domin fayil ɗin da aka cire mahaɗinsa yana nan ga wanda ya san adireshinsa. Sakamako wurinsa fotal, bayan majalisar dattawan jami'a ta amince, kowa ya ga nasa. Lambobin wayar malamai ma an sauke, aka bar imel ɗin aiki da ranakun ganin ɗalibai.

Nauyin shafi kuwa lissafi ne mai sauƙi. Hotuna goma sha biyu ke juyawa a shafin farko, kowanne kamar megabait 4 yadda ya fito daga waya: megabait 48 ke nan a buɗewa ɗaya. Ɗalibin da ya sayi data ta gigabait ɗaya, buɗewa ashirin da 'yan kai ta cinye ta. An rage su zuwa uku, faɗin fiksel 1200, kowanne bai wuce kilobait 150 ba.

Rabon aiki

An rubuta takarda mai shafi ɗaya, taron sashe ya amince da ita. Cikakken iko na mutum biyu ne: injiniyan cibiya da malami ɗaya da sashe ya naɗa. Sakatare da jami'in jarrabawa an ba su matsayin edita, suna iya rubutu da wallafawa amma ba sa iya ɗora fulogin. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, an hana asusun gayya da kowa ke shiga, domin in an yi ɓarna ba a san hannun wa ba. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin da ke koyon aiki yana iya rubutawa, amma sai wani ya duba kafin ta fita, kuma ranar da ya karɓi sallama ranar ake rufe asusunsa. Duk rajista da imel ɗin ofis ake yinta, wanda ke bin kujera ba mutum ba.

Kowane shafi an rubuta ofishin da ke da shi da lokacin dubawa: jadawali na jami'in jarrabawa ne, makon farko na kowane zango, jerin malamai na sakatare ne, bayan kowane ƙarin girma, manhaja ta shugaban sashe ce. A ƙasan kowanne akwai ranar da aka duba shi na ƙarshe. Sanarwa kuma ana sa mata ranar saukewa tun ranar ɗorawa.

Kwafin ajiya uku ne: na kan saba, na ma'ajiyar intanet ta jami'a, da na faifan waje a kabad ɗin shugaban sashe. Rumbun bayanai kowane mako, fayiloli kowane wata. Sau ɗaya a zango ana ɗaukar kwafin a tayar da shi a wata kwamfuta a gani ko yana aiki. A gwajin farko ma aka gano cewa jakar hotuna ba ta shiga ciki saboda an manta saka ta a jerin. Takardar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke sa adireshi ya fara da https, kwana 90 take yi, tana sabunta kanta in saura kwana 30. Tun Yunin 2025 sun daina aiko imel ɗin gargaɗi, don haka aka sa dubawa a kalandar sakatare, ranar Litinin ta farkon kowane wata: ya buɗe shafin a wayarsa, ya duba ranar ƙarewar takardar, ya kuma yi binciken site: a Google.

Tawagar tantancewa ta zo ta tafi. Abin da ta fi dubawa ɗakunan karatu ne da laburare da fayilolin malamai, shafin kuwa ɗaya daga cikin 'yan tawagar ya buɗe a waya ya gwada jerin malamai da na takarda. Abin da ya rage ba a warware ba shi ne shafukan malamai huɗu da har yau babu hoto babu jerin wallafe-wallafe, duk da tunatarwa uku a rubuce, da kuma kuɗin sabunta tsohon sunan .com, wanda ofishin kuɗi ya ce ba shi da layi a kasafi, don haka wa'adin shekara biyun na tafiya ba a san aljihun da zai biya na gaba ba.